Tauraron Barmo Mai Faifai

Ku matso nan, ku matso! Kai mai rediyo, kashe mana. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wani ya ce mini ta zo mu ji ta. Da idona na gani, waɗannan idanun biyu da kuke kallo, waɗanda suka taɓa hango kura tana hamma a bayan tsauni ana tsuga ruwan sama. Ni Ɗanliti ina wurin tun farko har ƙarshe. Wanda ya ce ƙarya nake yi, ya je ya tambayi Malam Barmo. Ya rasu dai, Allah ya ji ƙansa, amma a je a tambaye shi.

Malam Barmo mai gyaran agogo ne a garinmu Tsaunin Gawo, rumfarsa tana jikin tsohuwar tasha. Mutum ne da in ya ce maka la'asar ta yi, to ta yi, ko ladan sai ya leƙo ya tambaye shi. Wata shekara ya je birni sayen kayan gyara, sai ga shi ya dawo da wani dogon bututu mai ƙafa uku da ya samo a gwanjo. Madubin hangen nesa ne, na kallon taurari, amma mu bututun Barmo muke ce masa.

Wata rana bayan isha'i yana saman soronsa yana ta yawo da bakin bututun a sararin sama, bai san ma me yake nema ba, sai ya faɗa kan wani tauraro. Ja-ja ne kamar man shanu, ga wani abu ya kewaye shi, sak an ɗora curin fura a tsakiyar faifai an ɗan karkata shi. Barmo ya kalla, ya goge ido, ya sake kallo. Yana nan.

Washegari ya kai labari majalisa. Da yamma duk muka hau soron, har da masu ciwon gwiwa. Barmo ya juya bututu gabas, ya juya yamma, ya ɗaga, ya sauke, gumi yana zuba. Babu tauraro, babu faifai, sai baƙin duhu. Ɗan'azumi mahauci, abokinsa tun suna wasan ƙasa, ya sa ido a bututun ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Barmo, ina jin matar tauraron ce ta zo ta ɗauke faifanta, tankaɗe za ta yi."

Aka kwashe da dariya har wani ya kusa faɗowa ƙasa. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba. Tari ne ya sarƙe ni.

Daga ranar suna ya bi shi, Barmo Mai Faifai. Abin bai tsaya nan ba. In mutum ya shara ƙarya a kasuwa sai a ce, "Kai, wannan faifan Barmo ne." Mata a bakin rijiya su ce faifan Barmo, yara a makaranta su ce faifan Barmo. Ya yi shekaru yana hawa soro shi kaɗai yana nema, bai sake gani ba. Da ya gaji, ya naɗe bututun da bargo ya tura ƙarƙashin gado. Tsufa ya zo, ɓarin jikinsa ya shanye, ya kwanta.

To kwanciyar nan ita ce ta ba shi lokacin tunani, kuma tunanin ba daɗi. Ba mutuwa yake tsoro ba, ya ma gaji da jiranta. Ya gaji da juyi, ya gaji da kunu, ya gaji da masu zuwa dubiya suna ce masa ya ji sauƙi alhali bai ji ba. Abin da ke hana shi barci shi ne, ranar da aka rufe shi, agogunan da ya gyara duk za su tsaya ɗaya bayan ɗaya, ba mai tunawa. Abin da zai rage a garin kawai shi ne sunansa a bakin mai ƙaryata wani. Wata rana yana kwance ya ji jikarsa a tsakar gida tana ce wa ƙawarta, "Ke tafi can, faifan Barmo!" Ba ta ma san Barmon kakanta ba ne. Ya juya fuska bango.

Ya sa aka kira 'ya'yansa uku. Babban shi ne Sallau, maharbi ne, ya kuma daɗe yana kora shanu da Fulani zuwa kudu. Barmo ba ya faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ya ce Babba. Na biyu Lado, mai walda a bakin titi. Autarsu Dela, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tana aure a hedikwatar ƙaramar hukuma, tana da ɗan shagon kwamfuta inda take wanke hotunan biki.

Ya ce, "Gida da gona ba ruwana, in na tafi shari'a za ta raba muku. Bututun nan kuwa ina da rai zan ba da shi kyauta. Ni ba zan ƙara hawa soro ba, idon Ɗan'azumi ma ya yi yana, ko an nuna masa a ɗan ramin nan ba zai gani ba. Hoto nake so, babba. Wanda ya kawo mini hoton tauraron nan, na gani, Ɗan'azumi ya gani, bututu nasa ne."

Dela ta ce, "Baba, in kuma babu tauraron fa?"

Barmo ya juyo ya kalle ta. Ya ce, "Har ke, Uwata?"

Suka tashi suka fita.

Tunda kyautar ta mutum ɗaya ce, kowa ya ce shi kaɗai zai yi. Suka raba kwana, yau wannan gobe wancan. Barmo yana kwance yana jin takun ƙafa a saman kansa, ƙasa tana zubo masa daga azara. Ni ke zaune wurinsa, ni ke hawa in sauko in kawo rahoto, don ba a yin babban aiki a garin nan ba da ni ba.

Suka ce a fara gwaji da wata, tunda shi ba ya ɓuya. Suka jira har ya cika ya yi fari ƙal, wai a lokacin ya fi haske. Aka kara waya a bakin bututu da hannu aka danna. Aka kawo wa tsoho. Ya duba ya ce, "Wannan ai ƙwan lantarki ne." Aka sake. Ya ce, "Wannan kuma kunu ne ya zube a baƙin zane." Ni na ba da shawara a haska watan da babbar tocila don ya fito sosai, na tsaya ina haskawa har hannuna ya sage. Har yau ina ganin da batirin sabo ne da an dace.

Haka aka yi ta yi. Damina ta shigo, hadari ya rufe sama, aka zauna. Ta wuce, aka koma. Sallau bayansa ya riƙe saboda sunkuyo. Lado ya wuni yana kallon wutar walda, ya zo da yamma idonsa ja kamar gauta yana hawaye. Dela kullum a bayan babur, zuwa da komowa, mijinta ya fara cewa ko can za ta tare. Hotuna suka cika waya, ba na kirki ko ɗaya. Rannan Barmo ya ji su a sama suna faɗa, wannan yana cewa kai ka taɓa, wancan yana cewa ke kika girgiza. Ya ce in kira su.

Ya ce, "Ku bari haka nan. Ku mayar da shi cikin bargonsa. Wataƙila ma mafarki na yi. Na gaji, ku ma kun gaji."

Ya faɗi haka ba da fushi ba, kuma wannan ne ya fi yi musu ciwo. Mutumin da gari guda ya kasa sa shi ya janye maganarsa, yau ga shi yana janyewa da kansa. Suka fita zaure suka zauna. Daga nan ba wanda ya ƙara maganar rabon kwana, suka haɗa hannu.

Sallau ne ya fara. Ya ce shi bai san waya ba, amma ya san sama. A dawa ya koyi cewa taurari iri biyu ne: masu ƙyafta ido, waɗanda ke zaune da danginsu kamar Kaza da 'ya'yanta, da kuma 'yan ƙalilan da ba sa ƙyaftawa, masu yawo su kaɗai kamar Zara matar wata. Ya ce na Baba cikin masu yawon yake, shi ya sa duk shekarun nan da yake nemansa a inda ya bar shi bai same shi ba. Sannan ya duba ɗan ƙaramin bututun da ke goye a bayan babban, wanda ake saiti da shi, ya ce wannan ai a karkace yake, da bindiga ce da sai ka auna gada ka harbi abokin tafiyarka. Da rana tsaka ya auna kan ƙarfen sabis da ke bayan gari, ya yi ta murɗa 'yan notuna har ƙarami da babba suka kalli abu ɗaya. Ya bi marasa ƙyaftawar nan ɗaya ɗaya, maraice bayan maraice. Ranar da ya faɗa kan mai launin man shanu, bai yi ihu ba. Ya ɗago kawai ya ce, "Baba bai yi ƙarya ba." Amma tauraron ba ya tsayawa, kana kallo yana zamewa ya fice ta gefe. Sallau kaɗai ke da hannun da zai riƙa tura bututun a hankali yana bin sa, kamar mai bin sawun nama.

Da na kai wa Barmo labari, ya rufe ido ya ce, "Babba ɗana ne. In ya ce ya gani, za a ce faifan ɗan Barmo." Gaskiyarsa kuwa, don a waya ba abin da ke fitowa sai wani ɗigo yana tsalle.

Sai Lado. Ya ce shi bai san sama ba, amma ya san ƙarfe da zafi. Ya leƙa ya ga tauraron yana rawa kamar abu a cikin tafasasshen ruwa, ya ce ya san wannan rawar, ita yake gani kullum a saman ƙarfen da ya gasa. Ashe soron nan ya wuni yana shan rana, da dare yana fitar da zafinsa, ga kuma tandar gidan burodi a maƙwabta tana hura nata. Bututun kansa daga cikin bargo ake fito da shi, daga ɗaki mai zafi, saboda girmamawa. Lado ya ce a sauko. Ya ɗauke shi ya kai bayan gari, bakin lambun fadama inda ƙasa ke da sanyi, ya ce tun kafin magariba za a riƙa ajiye shi a waje ya huce kamar shayi. Ya rataya buhun yashi a tsakanin ƙafafun don kada iska ta kaɗa su. Ya cire ƙarfen madubin wani mataccen babur, ya lanƙwasa, ya yi walda, ya naɗe da robar taya, ya yi wa waya mazauni a daidai bakin ramin, ta zauna daram ba hannun kowa. Rawa ta ragu, tsalle ya tsaya. Sauron fadama kuwa ya ci mu kamar an yi masa gayya. Ni har wani ya ɗaga ni sama kaɗan, na ƙwace.

Amma da aka danna hoto, sai wani farin dunƙule kamar ƙwayar shinkafa da ta sha ruwa. Barmo ya duba ya mayar.

Sai Dela. Ta ce ita ba ta san sama ba, ba ta san ƙarfe ba, amma ta san hoto. Ta ce waya wawuya ce, in ta ga duhu sai ta buɗe ido gaba ɗaya, hasken ya cika ta ya shafe komai. Ta kashe fitilar wayar, ta hana ni tocila, abin da har yau ban yafe ba. Ta ja hasken ƙasa, ta ja, har sama ta yi baƙi ƙirin. Ta hana kowa jawo hoton da yatsa. Ta gwada da wata, amma ba cikakke ba, rabi, ta ce a gefen da haske ya haɗu da duhu ne inuwa ke fito da abu. Sai ga ramuka da duwatsu kamar bayan tsauninmu da rani. Sannan ta ce hoto ɗaya ba zai yi ba, don iska ba ta daina motsi, sai dai bidiyo, shi kuwa bidiyo ba komai ba ne illa hotuna birjik a jere. A cikinsu akwai 'yan kaɗan da aka dace iska ta lafa. Aikinta shi ne ta kai kwamfuta ta tankaɗe su kamar gari, ta zubar da tsaki, masu kyan kuma na'ura ta ɗora su kan juna har dattin ya ɓace.

Ranar da za a yi na gaske, Dela ta je da kanta rumfar Ɗan'azumi ta durƙusa ta ce, "Baba, ka zo ka zauna a wurin, kada gobe a ce a waya muka samo."

Ya ce, "Zan zo, 'yata. Na daɗe ban yi dariya ba."

Ya zo da sandarsa bayan isha'i, aka ba shi kujera. Lado ya gyara buhu ya ɗaure waya. Sallau ya kamo tauraro ya sa shi a tsakiya. Dela ta rage haske ta danna ta janye hannu, ta ce kowa ya daina motsi. Ɗan'azumi ya kai fuskarsa dab da wayar ya ce shi dai ƙwayar gero yake gani da 'yan kunnuwa. Dela ta ce ya riƙe kunnuwan nan a ransa. Don kada a ce an canza, a aljihunsa wayar ta kwana.

Shi kuwa Barmo yana gida shi kaɗai a ɗaki. Ba taku a sama, ba faɗa, ba ƙasa mai zubowa. Ya ce mini daga baya, bai yi addu'ar a dace ba, ya gaji da wannan. Cewa ya yi Allah ya sa ko ma mene ne a gama.

Washegari Dela ta kawo kwamfutarta ɗakin, ta yi tankaɗenta a gaban Ɗan'azumi, ya yi gyangyaɗi ya farka tana yi. Aka aro talabijin aka haɗa. Aka kira 'yan majalisar da suka hau soro a wancan lokaci, sai aka tarar yawancinsu suna maƙabarta. Waɗanda suka rage ba su cika tabarma ɗaya ba. Aka tayar da Barmo aka jingina shi da filo.

Hoto ya fito. Ba wani babba ba ne, ko kai ƙwan zabo bai yi ba a tsakiyar baƙin gilashi, kuma gefensa da ɗan dishi-dishi. Amma ga curin fura, ga faifai a karkace, har da siririn duhu tsakaninsu.

Ɗan'azumi ya ja jiki har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe. Ya juyo ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Barmo, ashe matar ta dawo da faifan." Ya ce, "Ka yafe mini. Ni na sa maka sunan nan."

Barmo ya ce, "Bar sunan, ya zauna. Ka dai je kasuwa ka faɗa musu abin da ka gani."

Ya je kuwa, ya faɗa, rumfa rumfa, yana dogara sanda. Barmo bai yi murna irin ta tsalle ba. Ya kalli hoton ya ce, "Da ya fi haka haske." Sannan ya ce a kwantar da shi, ya yi barcin da ya shekara bai yi irinsa ba.

Da ya farka 'ya'yan suna zaune, bututu yana tsaye a bakin ƙofa.

Sallau ya ce, "Baba, ba don na samo shi na bi shi ba, duhu za su ɗauka."

Lado ya ce, "Yaya, ka samo shi tun muna soro, me aka gani? Ba don na tsayar da shi ba, har yau yana rawa."

Dela ta ce, "Ku yi haƙuri yayyena, Baba hoto ya ce. Kafin in sa hannu ƙwayar shinkafa kuka kawo masa."

Barmo ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya kalli waccan. Bututu ɗaya ne, in aka raba shi uku ya zama gwangwani. Ya ce, "Ku bar ni in huta, gobe zan faɗa." Gobe ta zo ya ce gobe. Haka ya yi ta cewa har ranar da goben ba ta same shi ba. Bututun yana nan a zaurensu, ba mai taɓawa, don kowa ya ce ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, kuma ba zai bar wa wani ba.

To duk abin da na faɗa muku haka aka yi, ban ƙara ko gishiri ba, sai abu ɗaya. Cire hular nan ni na ƙara. Ɗan'azumi sanƙo gare shi kamar bayan ƙwarya, ko matarsa ba ta taɓa ganin tsakiyar kansa ba. Gafara dai ya nema, amma da hularsa a ka.

Yanzu sai ku raba mana gardama, don ni na gaji da ita. Tsakanin Sallau da ya samo tauraro, da Lado da ya tsayar da shi, da Dela da ta fito da fuskarsa, wa za a miƙa wa bututun Barmo?